Rubutu da murya a wayar hannu: tambayoyi da amsoshi kan halin da masu buƙata ta musamman ke ciki

A saman allon rubutu na yawancin wayoyin da ke hannun jama'a a Katsina da Daura akwai 'yar alamar makirufo, wadda idan aka taɓa ta wayar za ta saurari magana ta mayar da ita rubutu. Mai lafiyar ido da hannu yakan taɓa ta ne domin sauƙi, amma ga makaho, ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta raunana masa hannu, ko wanda kuturta ta cinye masa yatsu, sau da yawa ita ce hanyar da ta rage masa ta rubuta saƙonsa da kansa ba tare da ya roƙi wani ba.

Yaya wayar take mayar da magana rubutu?

Wayar ba ta fahimtar magana kamar yadda ɗan Adam ke fahimta. Makirufo yakan ɗauki sautin, manhaja ta gutsuttsura shi, sannan ta kwatanta shi da ɗimbin muryoyin da aka horar da ita da su, ta zaɓi jerin kalmomin da a lissafinta suka fi kama da abin da ta ji. Wato hasashe take yi, kuma ingancin hasashen ya dogara ne ga yawan muryoyin da aka ba ta tun farko da kuma irin mutanen da suka yi maganar. A wayoyin Android, irin su Tecno da Infinix da itel, allon rubutu na Gboard na kamfanin Google ne ya fi yin wannan aiki, yayin da Apple ya sa nasa a iPhone tun shekarar 2011.

Shin wayar tana jin Hausa?

Tana ji, amma ba da jimawa ba ta fara. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun watan Disamba na 2013, sai dai karɓar Hausa ta murya a Gboard da wajen bincike da wajen fassara bai zo ba sai watan Oktoba na 2024, lokacin da kamfanin ya sanar da ƙarin harsunan Afirka 15, ciki har da Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka na Najeriya. Kafin nan, Bahaushen da ya taɓa alamar makirufo ya ce “ina kwana” sai ya ga an jero masa kalmomin Turanci marasa kan gado. Har yanzu ma haka za ta faru ga duk wanda bai shiga saitin allon rubutu ya ƙara Hausa ba, domin wayar takan zo ne da Turanci. Wannan yana cikin musabbabin ƙorafin da ake ji a wurin masu gyaran waya, inda mutum zai kawo waya yana cewa makirufonta ya lalace alhali lafiyarsa lau.

To, me ya sa take yawan kuskure ko da an saita ta a Hausa?

Dalili na farko shi ne ƙarancin abin horarwa. Manhajar Whisper ta mayar da magana rubutu, wadda kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, an horar da ita da sa'o'i 680,000 na magana, kuma mafi yawansu Turanci ne; akwai Hausa cikin jerin harsunanta, amma rabonta bai taka kara ya karya ba. Ko a cikin Turancin ma ba kowa ake ji daidai ba, domin wani bincike da masana na Jami'ar Stanford suka wallafa a 2020 kan manhajojin manyan kamfanoni biyar ya gano cewa kuskure a maganar baƙaƙen fatar Amurka ya kai kusan kashi 35 cikin 100 na kalmomi, alhali a maganar fararen fata kusan kashi 19 ne.

Dalili na biyu ya shafe mu kai tsaye. Daidaitacciyar Hausa da ake rubuta littattafai da karanta labarai da ita an gina ta ne bisa karin harshen Kano, don haka Bakatsinen da ya ce “zamna” ko “sabka” ko “abduga” ko “tahi” yana furta abin da manhajar ba ta saba gani a rubuce ba, sai ta laluba masa wata kalma mai kama da ita. Mutumin Daura, wanda karinsa ya fi kusa da na gabas irin na Kano, yakan ɗan fi samun sauƙi a nan. Ga kuma ɗabi'armu ta cakuɗa harsuna: a jimla guda mutum zai yi sallama da Larabci, ya yi bayani da Hausa, ya ambaci sunan banki ko magani da Turanci, ita kuwa manhajar harshe guda take sa ran ji a lokaci guda.

Sai batun baƙaƙe masu lanƙwasa. Tsakanin “ya ba ta kuɗin” da “ya ɓata kuɗin” akwai tazarar da za ta iya raba zumunci, amma a kunnen manhajar da ba ta ƙoshi da Hausa ba bambancin ɗan kaɗan ne. Haka nan idan ta haɗiye “ba” ta farko ko ta ƙarshe a jimlar korewa, saƙon da aka yi nufin ya ce ba a zo ba zai iya komawa tamkar an ce an zo.

Ai kowa yana cin karo da irin wannan kuskure. Me ya sa ake cewa ya fi tsanani ga naƙasassu?

Nan ne ainihin matsalar take, kuma a ganina nan ne masu ƙera waya suka fi yin sakaci. Rubutu da murya aiki ne mai matakai uku: faɗar magana, gano kuskure, da gyara shi. Tallace-tallacen kamfanoni a mataki na farko suke tsayawa, alhali mai ido da lafiyayyen hannu yakan gama sauran biyun cikin ƙiftawar ido har bai ma san ya yi wani aiki ba.

A ɗauki makaho. Shi yana sarrafa wayarsa ne da manhajar karanta allo, wato TalkBack a Android ko VoiceOver a iPhone, wadda ke furta masa duk abin da yatsansa ya taɓa. Bayan ya faɗi saƙonsa, dole ya sa ta karanto masa domin ya ji ko an rubuta daidai. To amma muryar da ke karatun galibi ta Turanci ce, tana karanta Hausa da ƙa'idojin furucin Turanci, ba ta san dogon wasali da gajere ba, ba ta san karin sauti ba, ga shi kuma rubutun boko ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu. Saboda haka idan ya ji kalma ta fito a karkace, ba shi da hanyar sanin ko manhajar rubutu ce ta kuskure ko kuwa mai karatun ce ta murguɗe kalmar da ke daidai, sai ya bi baƙi bayan baƙi yana sauraro. Saƙon layi biyu da aka faɗa cikin daƙiƙu kaɗan sai ya ci mintuna kafin a tura shi. Akwai kuma wata ƙaramar fitina: idan ba a sa abin saurare a kunne ba, makirufo zai iya ɗaukar muryar TalkBack ɗin kanta ya rubuta ta cikin saƙon.

Shi kuwa wanda hannunsa ke karkarwa, ko wanda shan inna ko haɗarin mota ya raunana masa hannuwa, yana ganin kuskuren ƙarara amma kai yatsa daidai tsakanin baƙaƙe biyu a ƙaramin allo shi ne abin da ya gagare shi tun farko. An yi manhajoji domin irinsa: Google ya fitar da Voice Access a 2018, Apple kuma ya kawo Voice Control a 2019. Sukan sa lamba a kan kowane maɓalli da ke allo, mutum ya ambaci lambar a danna masa. Sai dai umarnin da suke karɓa ba na Hausa ba ne, don haka dattijon da ya yi karatun allo bai yi na boko ba ya fita daga lissafi tun kafin a fara.

Saƙon murya na WhatsApp bai wadatar ba?

Ya rufa asiri ƙwarai, kuma shi ne abin da mafi yawan makafi da waɗanda ba su iya rubutun boko ba suka dogara da shi. Amma ba a cike takardar neman gurbin karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da saƙon murya, ba a rubuta sunan wanda za a tura wa kuɗi da shi, ba a neman lambar wani a cikin waya da shi. Sannan abin da ya zama sauƙi ga makaho katanga ce ga kurma, domin a zauren WhatsApp na dangi ko na unguwa, inda kowa ke jefo saƙon murya, kurma yana kallo ne kawai. WhatsApp ya fara mayar da saƙon murya rubutu a watan Nuwamba na 2024, amma da harsuna ƙalilan ya fara kuma babu Hausa a ciki. Akwai manhajar Live Transcribe da Google ya fitar a 2019 tare da haɗin gwiwar Jami'ar Gallaudet ta kurame da ke Amurka, wadda ke rubuta maganar mutanen da ke kusa nan take. Amfaninta ga ɗalibin makarantar kurame ta Malumfashi ya rataya ne ga yadda take jin harshen masu maganar da kuma yadda shi kansa ya iya karatu, tunda kurame da yawa maganar hannu ce harshensu na farko.

Mai i'ina fa, ko wanda ciwo ya taɓa masa harshe?

Su ne suka fi kowa shan wuya. Manhajar takan ɗauki ɗan shiru a matsayin ƙarshen magana ta kashe makirufo, mai i'ina kuwa shirunsa a tsakiyar kalma yake, kuma gaɓar da ya maimaita takan fito a rubuce kamar wata kalma dabam. Google ya fara wani shiri mai suna Euphonia a 2019 domin masu irin wannan lalura, daga baya ya fitar da manhajar Project Relate, wadda mutum zai karanta mata jimloli kusan 500 domin ta koyi furucinsa shi kaɗai. Dabarar mai kyau ce, amma da Turanci aka gina ta.

Nawa ne laifin wayar kanta da wurin da ake magana?

Ba kaɗan ba ne. A bakin Babbar Kasuwar Katsina ko a tashar mota, ga ƙarar Keke Napep ga janareta ga lasifikar mai tallan magani, ko ɗan Adam sai ya kasa kunne kafin ya ji. Ramin makirufo ɗan ƙarami ne a gindin waya, kuma ƙurar hunturu takan toshe shi sannu a hankali, wani lokacin ma rigar wayar ce ke rufe shi. Wayoyi masu arha, saboda ƙarancin ma'ajiyar aiki da tsarin tattalin batir, sukan kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage, har da na taimakon naƙasassu, makaho ya wayi gari wayarsa ta yi gum.

Ga kuma intanet. Manyan harsuna suna da kundin da ake saukewa a waya domin aiki ba tare da data ba, mai magana da Hausa kuwa gara ya sa a ransa cewa muryarsa sai ta bi ta intanet ta je wurin kamfanin sannan rubutun ya dawo. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro, duk wani abin da ya dogara da wannan zuwa da dawowa ya tsaya cak.

Ina batun sirri?

Yana da fuska biyu. Ta farko ita ce ta kamfanoni: a 2019 ya bayyana cewa Apple da Google da Amazon suna ba ma'aikatan kwangila wasu muryoyin masu amfani da manhajojinsu su saurara domin inganta aiki, har Apple ya nemi afuwa. Najeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma mutum ya fi samun kariya idan ya shiga asusunsa na Google ya kashe adana muryoyi. Fuska ta biyu ta fi kusa: wanda ke rubutu da murya yana faɗar maganarsa ne a bainar jama'a. A gidan da ake zaune da yawa, ko a gaban mai POS, matar da ke son rubuta wa likita damuwarta ba ta da inda za ta raɓe. Lambar sirri ta banki ko lambar da ake turowa domin tabbatar da cire kuɗi bai kamata a taɓa furta su da baki ba, kuma adadin kuɗi, inda “dubu biyu” da “dubu biyar” ke da kusancin sauti, gara a danna shi da lambobi.

Akwai dokar da ta tilasta a gyara?

Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga naƙasassu a watan Janairu na 2019, kuma a 2020 aka kafa hukumar kula da su ta ƙasa. Dokar ta fi yin bayani dalla-dalla kan gine-gine da sufuri da ɗaukar aiki, kamfanonin da ke ƙera waɗannan manhajoji kuwa a ƙetare suke. Inda ake iya matsa lamba a gida shi ne bankuna da hukumomin gwamnati, waɗanda wasu manhajojinsu ke da maɓallan da ba a sa musu suna ba, TalkBack ta iso kansu ta rasa abin da za ta faɗa.

Me mutum zai iya yi yanzu domin rage wahalar?

Ya sa a sabunta masa Gboard a ƙara Hausa cikin harsunan murya, ya nemi abin saurare mai makirufo a jikin igiyarsa domin bakinsa ya kusanci makirufon, sannan ya riƙa faɗar gajerun jimloli yana dubawa kafin ya ci gaba, domin gano kuskure cikin kalmomi shida ya fi sauƙi bisa cikin sittin. A cire manhajojin taimako daga cikin waɗanda tsarin tattalin batir ke kashewa, a kuma share ramin makirufo da busasshen burushi mai laushi, kada a zura masa allura. Shirin Common Voice na gidauniyar Mozilla, wanda aka fara a 2017, yana karɓar muryoyin masu sa kai kyauta domin horar da irin waɗannan manhajoji, kuma akwai Hausa a ciki; ɗaliban sassan Hausa da na kwamfuta a Katsina da Dutsinma da Daura za su iya karanta jimlolinsa da karin harshensu na gida, su kuma kai wayar ga mata da dattawa da masu i'ina waɗanda suka yarda a naɗi muryarsu.