Marubuci a Shagon Littattafai: Me Ake Taruwa a Yi, Wa Ke Cin Riba?

A Paris, a bakin kogin Seine daura da cocin Notre-Dame, akwai wani tsohon shagon littattafan Ingilishi mai suna Shakespeare and Company. Da rana ciniki ake yi kamar kowane shago. Wasu ranakun kuwa, da yamma ta yi, sai a janye tebura, a jera kujeru, marubuci ya zauna gaban jama'a ya karanta abin da ya rubuta, a yi masa tambayoyi. Haka ake yi a shaguna masu zaman kansu da yawa a Turai da Amurka. Da wannan shago na Paris za mu yi misali, domin tarihinsa ya nuna inda al'adar ta fito da abin da take tsinana wa mai shago.

Mene ne shago mai zaman kansa?

Shagon da mai shi mutum ɗaya ne, ko iyali, ko 'yan abokan haɗin gwiwa, saɓanin kamfani mai ɗaruruwan rassa irin su Barnes & Noble a Amurka ko Waterstones a Birtaniya. Abin da ya shafi zancenmu shi ne mai yanke shawara. A ƙaramin shago, wanda ya zaɓi littafin da aka ɗora a taga shi ne ke tsaye a bakin kanta, shi ne kuma zai ce wane marubuci za a gayyato. Idan ya kawo wanda bai gamsar ba, gobe abokan cinikinsa za su faɗa masa ido da ido.

Yaya zaman yake gudana?

Yawanci wajen ƙarfe 7 na yamma ake farawa, kuma ba a cika wuce awa ɗaya ba kafin a shiga sa hannu. Ma'aikacin shago zai gabatar da baƙo a taƙaice. Marubucin ya karanta shafi uku ko huɗu, sannan mai jan hira, wanda galibi shi ma marubuci ne ko ɗan jarida, ya zauna kusa da shi su tattauna: me ya kai ka ga wannan labari, me ka zubar kafin a buga, wane babi ya fi ba ka wuya. Daga nan sai a ba jama'a dama. A nan ne ba a rasa mutum ɗaya da zai ɗaga hannu ya ce tambaya gare shi, ya ɓige da lacca ta minti biyar babu tambayar. Wannan bawan Allah babu ƙasar da ba ta da irinsa.

Layin sa hannu shi ne ƙarshe, kuma a nan kuɗin yake. Masu shagon da suka ƙware sukan sa ma'aikaci ya bi layin da 'yan takardu masu manne, ya tambayi kowa sunan da yake so a rubuta, ya rubuta da manyan baƙaƙe, ya liƙa a shafin da za a sa hannu, ya bar littafin a buɗe. Marubuci ba zai tsaya tambayar harafi ba, ba zai kuma ɓata wa mutum littafin da ya riga ya biya ba. A shagon na Paris ɗakunan ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa lokacin zafi akan fitar da zaman ƙofar shago, a kafa lasifika, wanda bai samu kujera ba ya tsaya.

Wannan ba ƙaddamar da littafin da muka sani ba ke nan?

Sun yi kama daga nesa, amma hanyar kuɗinsu daban. A ƙaddamarwa irin tamu akan kama zauren taro, a sa uban taro da babban baƙo da mai sharhin littafi, sannan babban mai ƙaddamarwa ya tashi ya ce ya sayi kwafi goma a kan miliyan kaza, a yi tafi. Tsarin yana da dalilinsa: marubucin da aljihunsa ya biya maɗaba'a, rana ɗaya ce yake da ita ta mayar da kuɗinsa. Matsalar ita ce da yawa daga masu zuwa don mai gayyata suka zo, littafin kuwa ko ledarsa ba za a cire ba, wani alƙawarin ma sai an yi ta sintiri kafin a ga rabinsa.

A zaman shago babu teburin manya. Kowa kuɗin da aka rubuta a bangon littafi zai biya, attajiri da ɗalibi, wanda ba zai saya ba kuma ya saurara ya tafi. Kuɗin da ake samu bai kai na ƙaddamarwa mai armashi ba, sai dai kusan duk kwafin da ya fita hannun mai karantawa ya shiga. A Najeriya ma akwai masu yin irin wannan, misali shagon Rovingheights a Legas da Abuja.

Daga ina abin ya faro a wannan shago?

Daga mata biyu a titi ɗaya. A 1915 wata Bafaranshiya, Adrienne Monnier, ta buɗe shago a titin Odéon, tana sayar da littattafai, tana ba da aro, tana kuma gayyato marubuta su yi karatu. Wata Ba'amurkiya mai suna Sylvia Beach ta ga tsarin ya burge ta, ta buɗe nata na littattafan Ingilishi a 1919, ta sa masa suna Shakespeare and Company. A 1921 ta dawo da shi gida mai lamba 12 a titin na Odéon, tsallaken shagon ƙawarta.

A lokacin marubutan Amurka da Birtaniya sun cika Paris saboda rayuwa ta yi musu araha a can. Shagon Beach ya zame musu mahaɗa: nan ake ajiye musu wasiƙu, nan suke aron littafi, wani lokaci har da rancen kuɗi. Ernest Hemingway yana cikinsu tun bai yi suna ba. Babban abin da aka fi tuna ta da shi shi ne littafin James Joyce mai suna Ulysses, wanda masu buga littattafai a Amurka da Ingila suka guje wa bayan wata kotu a New York ta hukunta mujallar da ke buga shi kashi-kashi. Beach, wadda ba ta taɓa buga littafi ba, ta ɗauki nauyinsa. Abin lura ga batunmu shi ne yadda aka share masa hanya. Ranar 7 ga Disamba 1921, a shagon Monnier, marubucin Faransa Valery Larbaud ya yi jawabi kan Joyce, aka karanta wasu sassa na littafin gaban jama'a, shago ya cika maƙil. Wata biyu bayan haka, ranar 2 ga Fabrairu 1922, littafin ya fito, bugun farko kwafi 1,000. Wato tun kafin ya iso kanta an tara masa masu jira.

Sai kuma tattalin arzikin duniya ya karye bayan 1929, Amurkawa suka koma gida, ciniki ya mutu. Beach ta fara maganar rufewa. Marubucin Faransa André Gide, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel a 1947, ya ce ba za a yi haka ba. Ya haɗa marubuta suka kafa ƙungiyar abokan shagon, kowane mamba yana biyan faran 200, kuɗin Faransa na lokacin, a shekara, ladansa kuma shi ne shiga zaman karatu da manyan marubuta za su riƙa yi a cikin shagon. Aka fara a 1936. Gide ya karanta, Paul Valéry ya karanta, T. S. Eliot ya taso daga Landan, Hemingway ma ya yi nasa a 1937 tare da Stephen Spender. A ganina wannan ne wurin da ya fi kamata mai son fahimtar al'adar ya tsaya: marubuta ne suka ba da muryarsu kyauta don shago ya biya haya, saboda sun san idan ya rufe su ne za su rasa wurin zama.

Shagon ya rufe a 1941, lokacin da sojojin Jamus ke riƙe da Paris. An tsare Beach wata shida, kuma ba ta sake buɗe shi ba har ta rasu a 1962.

To na yanzu fa, na wane ne?

Wani Ba'amurke, George Whitman, ya buɗe shi a 1951 a gida mai lamba 37 a titin Bûcherie, da sunan Le Mistral. A 1964 ya sauya masa suna zuwa Shakespeare and Company don tunawa da Beach. A zamaninsa James Baldwin da Richard Wright da Allen Ginsberg duk sun ratsa ta wurin. Ya saba da zaman karatu na daren Litinin da shan shayi na ranar Lahadi a saman bene. Ya kuma sa gadaje a tsakanin kantocin littattafai, matasa masu son rubutu suna kwana kyauta bisa sharaɗi uku: su karanta littafi ɗaya kullum, su taya aikin shago na 'yan awoyi, su rubuta tarihin rayuwarsu a shafi ɗaya su bari. Shagon ya ƙiyasta cewa mutum sama da 30,000 sun kwana a cikinsa. Whitman ya rasu a 2011 yana da shekara 98. 'Yarsa Sylvia Whitman, wadda ta ci sunan Beach, ita ke riƙe da shi yanzu. Ta fara bikin adabi a 2003, ta buɗe wurin shan gahawa a gefen shagon a 2015.

Idan shiga kyauta ne, ina ribar?

A daren kansa sau da yawa babu wata riba. Rabon mai shago daga kuɗin sabon littafi yakan kama kashi 35 zuwa 45 cikin 100, daga ciki zai biya haya da wuta da albashi. Ranar taro ga ƙarin awoyin ma'aikata, ga cinikin da ya tsaya saboda kujeru sun tare hanya. Idan mutum talatin suka zo, goma suka saya, lissafin bai tashi ba. Abin da ke rage asara shi ne yawancin kamfanonin buga littattafai suna karɓar kwafin da ba a sayar ba.

Ribar tana zuwa ne daga baya. Wanda ya zo don marubuci ɗaya yakan fita da littafin wani. Kwafin da suka rage marubucin yakan sa musu hannu, a liƙa musu alama, su fi saurin tafiya. Mafi girma kuma shi ne sabo. Farashi ba fagen ƙaramin shago ba ne, tun da Amazon ya fara sayar da littattafai ta intanet a 1995. Abin da ya rage masa shi ne abin da ba a aikowa a kwali: ka zauna taku uku daga wanda ya rubuta littafin ka tambaye shi me ya sa ya kashe jarumarsa. Mutumin da ya saba zuwa irin wannan zama sau biyu a wata da wuya ya ji daɗin tsallake shagon ya je ya saya a wani wuri. Idan baƙon babban suna ne, shaguna da yawa a Amurka yanzu sukan kama babban zaure, su sayar da tikiti haɗe da kwafi ɗaya.

Marubucin ana biyansa?

A al'ada, a'a. Idan kamfaninsa mai ƙarfi ne, shi ke biyan kuɗin tafiya da masauki, ya tsara masa garuruwan da zai zaga. Sabon marubuci kuwa sau da yawa da kuɗinsa yake zuwa, kuma yana iya tarar da mutum huɗu, biyu ma'aikatan shagon ne. Ko a haka bai yi asara duka ba. Mai shagon da ya ji karatunka ya ji daɗi zai yi watanni yana miƙa littafinka ga duk wanda ya ce a zaɓa masa abin karantawa, kuma wannan tallar ba a sayenta da kuɗi.

Me ya sa irin waɗannan shaguna suka fi yawa a Faransa?

Doka ce ta tsaya musu. Tun 1981, ƙarƙashin dokar da ake kira da sunan ministan al'adu Jack Lang, mai buga littafi ne ke yanka farashi, kuma babu mai sayarwa da zai rage fiye da kashi 5 cikin 100, komai girmansa. Daga Oktoban 2023 an ƙara da cewa odar sababbin littattafai ta intanet da ba ta kai yuro 35 ba sai an biya aƙalla yuro 3 kuɗin kaiwa. Birtaniya ta taɓa yin yarjejeniyar farashi irin wannan, ta rushe a 1995, manyan kantuna suka shiga karya farashi, ƙananan shaguna da yawa suka rufe. Shagon da ba ya fargabar maƙwabcinsa zai sayar da littafi ɗaya da rabin kuɗi shi ke da natsuwar tsara zaman karatu na wata uku masu zuwa.

Annobar korona ba ta kashe al'adar ba?

Ta girgiza ta. A Oktoban 2020 Shakespeare and Company ya sanar da abokan cinikinsa cewa ciniki ya faɗi da kusan kashi 80 cikin 100 tun daga Maris, ya roƙi a yi oda ta intanet. Oda ta yi ta shigowa daga ƙasashe har ta fi ƙarfin ma'aikatan. Sannan suka farfaɗo da tsarin Gide, suka buɗe ƙungiyar abokan shago mai biyan kuɗin shekara. Da aka janye dokar kulle, kujeru suka dawo. Hirarrakin da ake yi da marubuta a shagon ana naɗar su a sa a intanet kyauta, don haka mai jin Ingilishi a Kano ko Damagaram zai iya sauraron su a wayarsa.