Gidan Haya: Amsoshin Tambayoyin da Ake Ta Maimaita Mini

Na daɗe ina kula da gidajen haya a Kano, nawa da na 'yan'uwa, kuma tambayoyin nan su ne dai kullum. Ga amsoshinsu wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake kirana.

Tambaya: Gina gidan haya akwai riba?

Akwai, amma ba ta gaggawa ba. Ka raba abin da ka kashe da hayar shekara guda, ka ga shekara nawa uwar kuɗinka za ta yi kafin ta dawo. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a Najeriya, kuɗin haya kuwa ba kullum yake tashi da wannan saurin ba. Yawancin ribar tana cikin darajar filin ne.

Tambaya: Takardar ciniki mai hatimin mai unguwa ta isa?

Ba ta isa ba. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna, abin da kake samu shi ne izinin mallaka, galibi na shekara 99. Ka je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, a duba maka fayil kafin ka biya ko sisi. In gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke gidajen aurensu. Babban wa da ya ce "ni ne babba, na isa" shi ne zai kai ka kotu shekara biyar.

Tambaya: Nawa ne la'adar dillali?

Kashi 10 cikin 100 na hayar shekara aka saba. A yanke magana kafin a karɓi makulli.

Tambaya: Ɗan haya ya yi wata takwas bai biya ba, kuma ta hannun surukina ya shigo. Yaya zan yi?

To, wannan ce mai wuya, kuma ba ni da amsa guda da za ta dace da kowa. Abu na farko, ka kwantar da hankalinka, gidanka ba zai zama nasa ba. Na biyu, kada ka kuskura ka cire masa ƙofa, ko ka yaye rufi, ko ka kulle ɗaki da kayansa a ciki. Na ga wanda ya yi haka, ya shiga kotu yana mai bin bashi, ya fito shi ake bi diyya. Ban da ma shari'a, akwai mata da yara a ɗakin nan, ina tausayi?

Ka fara gane wane irin mutum ne. Wanda aiki ya tsaya masa, ya zo da kansa ya yi maka bayani, daban yake da wanda ya daina ɗaga waya alhali ya sauya babur. Na farkon, in kana da hali, ku zauna gaban surukin naka a raba masa bashin wata-wata, a rubuta, shaidu su sa hannu. Na biyun kuwa sai takarda.

Ita ma takardar tana da ƙa'ida, kuma ta danganta da jiharku da abin da kuka rubuta tun farko. A Abuja da Legas da jihohi da dama, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan shekara ana ba shi notis na wata shida, mai biyan wata-wata na wata ɗaya, sannan a bi shi da na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Kuskuren kwanan wata kaɗai yana iya mai da kai farko, shi ya sa nake cewa lauya ya rubuta, ba ɗanka mai sakandare ba.

Wani lokacin kuma, ko da zai yi maka ciwo, yafe rabin bashin a kan ya tashi ranar kaza ya fi sauƙi a kan jelen kotu na wata da watanni. Ba kullum ba. In kuɗin da yawa kuma mutumin yana da shi, ka bi hakkinka. Surukin naka dai ka sanar da shi kowane mataki, don kada maganar ta biyo ka har cikin gida.

Tambaya: Sai an rubuta yarjejeniya ko da ɗan'uwa ne?

Musamman ma ɗan'uwa. Kunyar da ta hana ka rubutawa yau ita ce za ta hana ka tambayar kuɗinka gobe.

Tambaya: Akwai zakka a gidan haya?

Ba a kan ginin ba, a kan kuɗin hayar ne in ya kai nisabi ya shekara a hannunka. Sauran bayani wajen malaminka.

Tambaya: Wa ke da alhakin gyara?

Yoyon rufi, tsagewar bango da rushewar masai naka ne, mai gida. Kwan fitila, famfon da aka karya da makullin da aka ɓatar na ɗan haya ne. Ka ware hayar wata ɗaya duk shekara don gyara, kuma ka hau rufin kafin damina ta sauka, kada ka jira a kira ka cikin dare ruwa ya jiƙa katifa. Wuta kuwa, kowane sashe ka sa masa mitarsa mai kati. Mita guda ga gida huɗu rigima ce duk ƙarshen wata, kuma in suka tashi suka bar bashi, kai za a bi.