Waiwaye: Yadda Kwantena Ta Zama Mazaunin Manhajojin Intanet

Tun kafin a san Docker, manhajar da ta yaɗa amfani da kwantena (killataccen muhallin da manhaja ke gudana a ciki), masu kula da sabar, wato kwamfutocin da ke ɗauke da manhajojin intanet, suna fama da tambaya guda: yaya manhajoji da yawa za su zauna a kwamfuta ɗaya ba tare da wata ta shiga gonar wata ba? A 1979 Unix, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ta zo da chroot, wanda ke killace manhaja a wani ɓangare na fayiloli, ba ta ganin abin da ke waje. FreeBSD, wadda ta samo asali daga Unix, ta ƙarfafa killacewar a 2000 da tsarin jails. Sai injiniyoyin Google suka samar da cgroups, hanyar yanka wa kowace manhaja rabonta na ƙwaƙwalwa da ƙarfin sarrafawa, aka shigar da ita Linux, wata babbar manhaja mai kama da Unix, a 2008, shekarar da LXC, tsarin kwantena na Linux, ma ta fito.

Killacewa dai ta samu, amma jigilar manhaja ta ci gaba da wahalar da mutane. Mai rubuta manhaja zai gwada ta a kwamfutarsa lafiya lau, a kai ta sabar ta ƙi tashi, don kawai sigar PHP, harshen rubuta manhaja, ko ta wani laburare, wato tarin umarnin da manhajar ta dogara da shi, ta bambanta. Wannan ciwon Docker ta yi wa magani lokacin da Solomon Hykes ya gabatar da ita a 2013. Ana ɗaure manhaja da duk abin da take buƙata a samfuri guda, kuma da zarar an gina shi ba a sake taɓa shi. Kwantena ita ce samfurin nan idan an tayar da shi. In gyara ya taso, sai a gina sabon samfuri, a sauke tsohuwar kwantena.

A nan ne sababbin shiga suka fi cin tuntuɓe, kuma a ganina shi ya kamata a fara koya musu: duk abin da aka rubuta a cikin kwantena, tare suke tafiya ranar da aka goge ta. Shi ya sa rumbun bayanai da hotunan da jama'a ke ɗorawa suke zama a ma'ajiya ta daban.

Da kwantenoni suka yi yawa, Google ta saki Kubernetes, tsarin kula da tarin kwantenoni, a 2014, bisa darasin da ta koya daga tsarinta na cikin gida, Borg. Kai dai ka rubuta a fayil ɗin saituna na YAML kwantena nawa kake so, in ɗaya ta mutu tsarin ya tayar da wata. A kan wannan tubali dandamalin ɗora manhajoji na yau suke fitar da muhallin gwaji da na ainihin aiki daga samfuri ɗaya, wasunsu har suna buɗe wa kowane reshe na Git, wato kwafin rubutun manhaja da ake yi wa sauyi a gefe, muhallinsa, a gwada sauyi a can kafin ya isa ga jama'a.