Ƙiwa: Me Ya Sa Jariri Ke Ƙin Hannun Baƙo?

Kaka ta zo daga ƙauye bayan wata huɗu, ta ajiye ƙullin kayanta ta miƙa hannu da murna: "Zo nan, maigidana!" Yaron da a zuwanta na baya ya yi ta ɓangale mata baki, yau sai ya kwaɓe fuska, ya cusa kai cikin hijabin uwarsa ya tsala ihu. Kaka ta ce, "Kai, wannan miji da ƙiwa yake!" Uwa kuma kunya ta kama ta, ta shiga ɓamɓare 'yan yatsunsa daga wuyan rigarta.

Wannan ita ce ƙiwa: yaro ya ƙi yarda da wanda bai saba da shi ba, ya maƙale wa nasa. Mukan ɗauke ta a matsayin aibi, har a ce uwa ce ta sangarta shi da yawan goyo. Ni kam wannan zargin yana yi mini ciwo, domin ƙiwa alama ce ta hankali ya fara shigar yaro.

Ɗan wata biyu duk fuskar da ta leƙo shi zai iya yi mata murmushi. Daga wajen wata 6 zuwa 8 sai ya soma tantance 'yan gida da baƙi, ya kuma soma gane cewa abin da ya ɓace wa idonsa yana nan a wani wuri. Dā idan uwa ta shiga madafi shi ke nan. Yanzu ya san tana can, kuma ba ta kusa da shi, ga shi bai san "yanzu zan dawo" ba. Abin yakan tsananta wajen cikarsa shekara ɗaya, ya riƙa sauƙi yayin da yake doshin shekara biyu. Wani yaron tasa kaɗan ce, wani kuwa ko mahaifinsa ya aske gemu sai ya sha kuka.

Tushenta shaƙuwa ce. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila John Bowlby ya bayyana cewa jariri na buƙatar wani babba da zai zame masa mafaka. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ta bibiyi iyaye mata da jariransu a ƙauyukan kusa da Kampala, a Yuganda, a 1954 da 1955. Ta lura yaron da ya amince da uwarsa yakan rarrafa ya tafi wasa, ya waiwayo ya ga tana nan, ya ƙara gaba. A ƙasar Hausa ma an yi irin wannan nazari, wanda Robert Marvin da abokan aikinsa suka wallafa a 1977. Sun tarar jariran gidajenmu na shaƙuwa da mutum fiye da ɗaya, amma akwai wadda suke gudu wurinta idan tsoro ya zo, yawanci wadda ta fi ɗaukarsu. A gidan da uwa ke kunyar ɗan fari, wannan tana iya zama kaka ko abokiyar zama.

To me za a yi wa kaka? A bar yaron a cinyar uwarsa, ita ta zauna kusa su yi ta hira. Lura da idonsa: zai dubi baƙuwa, ya ɗago ya dubi fuskar uwa, yana karanta ko akwai abin tsoro. Idan ya ga fara'a, can sai ka ga ya miƙa hannu yana taɓa carbin kaka. Cusa shi da ƙarfi, ko sulalewa yana tsakiyar wasa don kada ya gani, ƙara masa rashin yarda yake yi. Gara ki yi masa sallama ko da zai yi kuka, ki dawo kamar yadda kika ce.

Inda na fi jin tausayin yara shi ne wajen yaye. A rana ɗaya a raba yaro da nono, a raba shi da bayan da ya saba kwana a kai, a kai shi gidan da bai taɓa kwana ba. Idan can za a kai shi, a fara kai shi wuni tun da sauran makonni.

Wanda ya kamata a nuna wa likita kuwa shi ne yaron da ya cika shekara ba ya kallon idon mutane, ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, uwarsa ta fita ko ta shigo duk ɗaya ne a wurinsa.