Waiwaye: Yadda majalisar Amurka ta daɗe tana neman leƙa cikin babban bankinta

Duk shekara wani kamfanin akantoci mai zaman kansa yana bin diddigin asusun babban bankin Amurka, wato Federal Reserve, a kuma wallafa rahoton kowa ya gani. To me 'yan majalisa ke nufi da kiran a binciki bankin? Rigimar tana kan wani sashe na wata doka ta 1978.

An kafa bankin a 1913. Ofishin binciken kuɗi na majalisa, GAO, ya riƙa duba hukumar gudanarwarsa har zuwa 1933, lokacin da doka ta ce kuɗin hukumar ba na baitulmali ba ne, ƙofa ta rufe. Wright Patman, ɗan majalisar wakilai daga Texas, ya yi shekaru yana fafutukar a sake buɗe ta, ya rasu a 1976 bai ga hakan ba. Dokar 1978 ta maido da GAO, amma ta hana shi taɓa abubuwa huɗu: hulɗar bankin da gwamnatoci da manyan bankunan ƙasashen waje, shawarwarin da yake yankewa kan manufofin kuɗi, cinikin da FOMC, kwamitinsa mai tsara manufofin kuɗi, ya ba da umarnin yi, da tattaunawar jami'ai kan waɗannan. Kusan duk ƙudirin da ya biyo baya, soke wannan shinge yake nema.

A 1993 Henry Gonzalez, shi ma daga Texas, ya matsa har bankin ya amsa cewa yana ajiye da cikakken rubutun zaman FOMC tun 1976. Daga nan aka fara sakin rubutun bayan shekara biyar.

Rikicin kuɗi na 2008 ne ya rura wutar. Ƙudirin ɗan majalisar wakilai Ron Paul na 2009 ya samu goyon bayan wakilai sama da 300, daga jam'iyyun biyu. Abin da ya shiga dokar Dodd-Frank ta 2010 kuwa sassauci ne da Sanata Bernie Sanders ya kawo, aka amince da shi da ƙuri'a 96 babu mai adawa: bincike sau ɗaya kan rancen gaggawa. Dokar ta kuma tilasta bayyana sunan bankin da ya ci bashi ta tagar rance, wato hanyar yau da kullum da babban bankin ke ba bankuna bashi, bayan shekara biyu. A Disambar 2010 bankin ya fitar da bayanan hada-hada sama da 21,000.

Daga rahoton GAO na Yulin 2011 aka samo adadin dala tiriliyan 16 da ake ta yayatawa, kuma yana buƙatar taka-tsantsan. Yawancin rancen na kwana ɗaya ne da ake sabuntawa, kowane sabuntawa kuma an ƙidaya shi daban. Bankin da ya ari dala biliyan 10 ya yi ta sabuntawa kwana 30 zai fito kamar ya karɓi biliyan 300. Bashin da ke waje a lokaci guda, a ƙololuwarsa, ya ɗan haura tiriliyan ɗaya ne. Abin da ya fi cancantar hayaniya a rahoton shi ne kwangilolin da aka bayar babu gasa, da raunin ƙa'idojin hana jami'ai haɗa aikinsu da muradun kansu.

Majalisar wakilai ta amince da cikakken ƙudirin a 2012 da ƙuri'a 327 da 98, ta maimaita a 2014 da 333 da 92. A majalisar dattawa ya cije: a Janairun 2016 ƙudirin Sanata Rand Paul ya samu ƙuri'a 53, alhali 60 ake bukata.

Hujjar Ben Bernanke da Janet Yellen, tsoffin shugabannin bankin da suka yi adawa da ƙudirin, ita ce, muddin ɗan majalisa zai iya turo GAO duk sanda aka ɗaga kuɗin ruwa, to siyasa ta shiga ɗakin. Tarihi yana ba su misali: matsin da Shugaba Nixon ya yi wa Arthur Burns, shugaban bankin na lokacin, gabanin zaɓen 1972, da hauhawar farashin da ta biyo baya. Sai dai hujjar ba ta rufe komai ba, domin yawancin bayanan da bankin ke alfahari da su yau da tilas aka ƙwato su. Ko takardun tagar rance na lokacin rikicin, sai da kamfanin labarai na Bloomberg ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙarar bankunan, sannan aka sake su a Maris 2011. Ɗan majalisar wakilai Thomas Massie da Rand Paul sun ci gaba da gabatar da ƙudirin a majalisun da suka biyo baya, shingen 1978 kuma bai motsa ba.