Lura da matsin man inji da zafinsa a motar gudu

Lura da matsin man inji da zafinsa shi ne auna ƙarfin da famfo ke tura baƙin mai cikin inji, da kuma yadda man ya ɗau zafi, ta hanyar sensa (ƙaramar na'urar da ke ɗaukar awo) da agogon awo a gaban direba. A motar gudu, wadda injinta ke daɗewa yana juyi 6,000 ko fiye a minti ɗaya, waɗannan awo biyu ne kan fara nuna matsala tun kafin kunne ya ji wata ƙara.

Matsi

Famfon mai yana zuƙo mai daga kwanon da ke ƙasan inji, ya bi da shi ta filta, ya tura shi cikin ƙananan hanyoyi zuwa metal ɗin kiranshaf (siraran ƙarafan da babban sandan inji ke juyawa a kansu) da sauran sassa masu juyawa. Matsin yana samuwa ne saboda man na kutsawa ta 'yan ƙananan ratoci. Shi ya sa idan metal ya cinye, ratar ta buɗe, matsi ke faɗuwa ko da famfon lafiyarsa ƙalau.

Ana awon matsi da ma'aunin da ake kira ba (bar) ko kuma psi. Kowane ba ɗaya kusan psi 14.5 ne. Makanikai na da tsohon ƙiyasi na psi 10 ga kowane juyi 1,000 a minti. Inji mai zafi da ke kunne ba a taka shi ba yakan nuna ba 1 zuwa 2, idan an taka shi kuma ba 3 zuwa 5. Adadin da kamfanin motar ya rubuta shi ne abin dogaro, musamman a sababbin injina da famfonsu ke rage matsi da gangan don tsimin fetur.

Jar fitilar mai da ke dashbod ba ta wadatar ba. A motoci da yawa sai matsi ya sauka zuwa kusan rabin ba ko ƙasa da haka take kamawa, kuma a juyi 7,000 kafin nan ɓarna ta riga ta auku.

Zafi

Man inji ya fi yin aiki daidai tsakanin digiri 90 da 110 a ma'aunin Salshiyas. Idan bai kai haka ba yana da kauri, kuma ruwa da fetur da suka tsiyaya cikinsa ba sa ƙafewa. Idan ya haura 120 zuwa 130, mai na gargajiya yakan tsinke ya fara lalacewa da sauri. Mai na haɗin kimiyya ya fi juriya, amma ganin 140 dalili ne na sassauta gudu. Mai ya fi ruwan lagireto jinkirin ɗaukar zafi, don haka allurar ruwa ta kai tsakiya ba ya nufin a fara taka mota. A jira mai ya kai wajen digiri 80.

Karanta su tare

Kowanne awo shi kaɗai yana iya yaudara. Matsi ya yi sama da inji mai sanyi, sannan ya riƙa sauka a hankali yayin da zafi ke hawa, wannan ɗabi'ar mai ce. Abin damuwa shi ne matsi ya ragu alhali zafi da juyi ba su canza ba. Nan ana zargin fetur ya surka mai, ko ragar bututun zuƙo mai ta toshe, ko bawul ɗin rage matsi ya maƙale a buɗe, ko metal ya fara tafiya.

Akwai kuma faɗuwar da ke zuwa a doguwar kwana ko lokacin birki mai ƙarfi. Man yana tattaruwa a gefe ɗaya na kwano, bututun ya zuƙi iska, allura ta faɗi na daƙiƙa ɗaya ko biyu ta dawo. Wannan ya fi komai haɗari, domin idon direba na kan hanya a daidai lokacin, kuma maimaituwarsa ce ke sa inji ya buga. Maganinsa cika mai zuwa alamar sama, sa kwano mai shingaye a ciki, ko tsarin busasshen kwano mai tankin mai daban, irin na tsofaffin Porsche 911 masu sanyaya da iska. Ƙararrawa da aka saita a wajen ba 1.5 zuwa 2, ko na'urar adana bayanai, ta fi allura kama irin wannan.

Ɗaura sensa

Hanya mafi sauƙi ita ce faranti da ake sawa tsakanin filta da jikin inji, mai ramukan sensa. Sai a kula da tiredi, wato zaren da ake murɗa sensa a kai: nau'in 1/8 NPT da na 1/8 BSPT sun yi kama amma ba ɗaya ba ne, tilasta su na jawo yoyo ko tsagewa. Sensar matsi mai nauyi kan karya mahaɗin tagulla saboda girgiza, gara a ɗaure ta a jikin mota a haɗa da tiyo. Sensa mai waya ɗaya kuwa, jikin inji ne hanyar komawar wutarta, don haka naɗa wa tiredinta tef da yawa yana ɓata awo. Bakin sensar zafi dole ya nutse cikin mai mai gudana, kuma awon kwano ya bambanta da na bayan na'urar sanyaya mai, don haka a san inda aka ɗauko shi kafin a kwatanta da na wata mota.