Ɗaurewar ciki da ciwon tsakiyar baya: a je asibiti kafin a miƙa baya

A unguwannin Aboabo da Asawase da Sabon Zango na birnin Kumasi a Ghana, akwai wani koke da muke yawan ji wajen teloli da direbobin tasi da matan da ke ɗaukar kaya a ka a kasuwar Kejetia. Mutum zai ce cikinsa ya ɗaure tamau kamar an zagaye shi da ɗamara, ga wani ciwo a tsakanin kafaɗu zuwa ƙasan haƙarƙari, ya sha maganin gyambon ciki har ya gaji, abin bai saki ba. Daga nan sai wani ya ba shi shawarar ya je wajen kairofirakta, masu danna ƙashin baya da hannu har ya yi ƙas.

Alaƙar baya da ciki gaskiya ce. Tsakiyar gadon baya tana da ƙasusuwa 12, kuma daga tsakaninsu jijiyoyi ke fitowa su bi ƙarƙashin haƙarƙari su zagayo gaba. Waɗanda suka fito daga na 7 zuwa na 12 su ne ke kula da fata da tsokar bangon ciki. Ta 10 daidai cibiya take sauka. Idan gaɓa ta ƙage a can baya, ko tsoka ta ɗaure saboda wuni a sunkuye kan keken ɗinki, mutum na iya jin abin a gaba. Irin wannan ciwon yana da halinsa: yana ƙaruwa in an juya jiki, in an ja dogon numfashi ko an yi tari, kuma cin abinci ba ya ƙara shi ba ya rage shi. Akwai gwajin da likita ke yi: ka kwanta rigingine, ya danna wurin da yatsa, ya ce ka ɗaga kai. In ciwon ya ƙaru da cikin ya yi tauri, alama ce daga bangon ciki yake.

Abin da ke hana ni barci shi ne hanyar tana bi ta ɗaya ɓangaren ma. Gyambon ciki yana iya aika ciwo zuwa baya. Duwatsun matsarmama suna aika shi ƙarƙashin kafaɗar dama, musamman bayan cin abinci mai maiƙo. Kumburin gaɓar da ke fitar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, yana soke mutum daga saman ciki har baya. Ciwon zuciya kansa, musamman ga masu ciwon sukari da dattawa, wani lokaci yana zuwa a matsayin nauyi a saman ciki. Tarin fuka ma yana kama ƙashin baya, kuma tsakiyar baya na cikin wuraren da ya fi so. Danna irin wannan ƙashin da ƙarfi haɗari ne babba. Haka nan ƙwayar cutar ƙarambau, wadda ke kwanciya a jijiya tun yarinta, tana iya farkawa ta kawo zafi a gefe ɗaya kwanaki kafin ƙurajen su fito.

Don haka, 'yan uwa, duk wanda ya ga amai da jini, baƙin bayan gida, idanu sun yi rawaya, zazzaɓi da gumin dare, rama ba dalili, ƙafafu sun yi rauni ko fitsari ya ƙi riƙuwa, kada ya tsaya neman mai tausa. Ya ɗauki katin inshorar lafiyarsa ya nufi asibiti, in abin gaggawa ne har babban asibitin Komfo Anokye. Ina kuma roƙon a rage haɗiyar magungunan kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen ba tare da izinin likita ba. Mutum na sha don baya, su kuwa suna cin tumbi.

To in an duba an tabbatar ciki lafiya yake fa? Nan aikin hannu yana da wurinsa. Sana'ar kairofirakta ta faro ne a Amurka a 1895 ta hannun D. D. Palmer, wanda ya yi imani cewa gocewar ƙashin baya ce tushen yawancin cututtuka. Bincike bai goyi bayan wannan ba. Abin da ya nuna shi ne danna baya yana ɗan sauƙaƙa wasu ciwukan baya, kusan daidai da motsa jiki da aikin ma'aikatan fisiyo, wato masu gyaran gaɓoɓi da tsoka a asibiti. Wanda ya ce maka zai warkar da gyambon ciki ko hawan jini da danna baya, ya faɗi abin da ba shi da hujja a kai.

Kafin ka kwanta a gadon kowa, ka nemi ganin lasisinsa, domin a Ghana akwai majalisar da Doka ta 575 ta shekarar 2000 ta kafa don yi wa masu maganin gargajiya rajista, kuma ita ke sa ido kan irin waɗannan masu aikin. Ka gaya masa in kana shan maganin tsinka jini, in ka taɓa yin kansa, ko in an ce ƙasusuwanka sun yi rauni, abin da ya fi yawa ga iyayenmu mata bayan ɗaukewar al'ada. In an yi 'yan makonni ba canji, a koma wajen likita maimakon ƙara biyan kuɗin zama.

Tela kuwa ya riƙa miƙewa duk bayan rabin awa, ya haɗa hannuwa a ƙeya ya buɗe ƙirji, ya kuma daidaita kujerarsa yadda ba sai ya dunƙule kan allura ba.